Gwajin Magani a Asibitocin Jami'a, da Haƙƙin Wanda Ake Nema Ya Shiga



Duk wanda ya saba shiga manyan asibitocin koyarwa, ko na ƙasarmu ko na ƙasashen waje, da wuya ya rasa ganin wata irin sanarwa manne a bango, kusa da inda majinyata ke zaman jiran likita, tana cewa jami'a kaza na gudanar da bincike a kan cuta kaza, kuma tana neman waɗanda za su yarda, bisa son ransu, a gwada wani magani ko wata hanyar jinya a kansu. A manyan jami'o'in Amurka da na Ingila al'amarin ya bunƙasa har ya zamana jami'a guda takan riƙe ɗaruruwan irin waɗannan bincike a lokaci ɗaya, wannan a kan ciwon daji, wancan a kan ciwon sukari, wani a kan hawan jini ko farfaɗiya ko ciwon ƙoda ko mantuwar tsufa, wani ma lafiyayyun mutane yake nema waɗanda babu abin da ke damunsu. Rajistar da gwamnatin Amurka ta buɗe a shekarar 2000 domin a riƙa shigar da irin waɗannan gwaje-gwaje, abin da aka rubuta a cikinta daga sassan duniya ya haura 400,000, kuma rabon Afirka a cikin wannan adadi ɗan kaɗan ne ƙwarai, alhali rabonta a cikin cututtukan duniya ba kaɗan ba ne.

A yau da irin wannan kira ya fara yawaita a asibitocinmu na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, na lura mutanenmu, idan aka yi musu tayin, galibi ɗayan abu biyu suke yi. Wani da jin kalmar gwaji sai ya tattara ɗansa ya fice, yana cewa ba za a mai da shi zakaran gwajin dafi ba. Wani kuwa, da yake an ce magani kyauta ne, kuma likita ne ya faɗa, sai ya miƙa yatsa a dangwala masa a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, bai tambayi kome ba, yana ta godiya. Na farkon ya cuci kansa da 'yan baya, na biyun kuwa ya bar ƙofa a buɗe ga wanda ya so cutarsa, kuma a ganina alhakin duka biyun ya fi rataya a wuyan masu ilmin da suka yi kiran, fiye da wuyan talakan da aka kira.

Bari mu fara da asalin mas'alar, wato me ya sa sai an gwada magani a jikin ɗan Adam, kuma me ya sa sai an raba mutane kashi biyu. Wannan tunani ba Turawa suka fara shi ba. Abubakar Ar-Razi, babban likitan nan da ya shugabanci asibitin Bagadaza, wanda ya rasu wajen shekarar 925 Miladiyya, ya ambata a cikin littafinsa Al-Hawi cewa ya taɓa samun majinyata masu alamun wata cuta ta kumburin ƙwaƙwalwa, sai ya yi wa wasu tsaga ya fitar musu da jini, wasu kuma ya ƙyale su da gangan, domin ya kwatanta ya ga inda gaskiya take. Ibn Sina kuma, wanda ya rasu a 1037, ya shimfiɗa sharuɗɗan jarraba magani a cikin littafinsa Al-Ƙanun, daga ciki har da cewa maganin ya zama tsantsa bai gauraya da wani abu ba, amfaninsa ya riƙa maimaituwa ba sau ɗaya ba bisa katari, kuma a jarraba shi a jikin mutum, domin abin da ya yi wa dabba ba hujja ba ne a kan abin da zai yi wa ɗan Adam. Abin da waɗannan malamai suka gane shi ne cewa samun sauƙin majinyaci bayan ya sha magani ba ya tabbatar da cewa maganin ne sanadi, tun da yawancin cututtuka, da ikon Allah, sukan tafi da kansu ko an sha ko ba a sha ba. Manomin da aka kawo wa sabon iri, in yana da hankali, ba ya shuka shi a gonar fadama, ya bar tsohon iri a kan tudu, sa'an nan da kaka ya ce sabon ya fi yabanya. A gona ɗaya yake shuka su, kunya kusa da kunya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, kana ya auna abin da kowanne ya ba shi.

Abin da zamani ya ƙara a kan wannan shi ne ƙuri'a. A shekarar 1948 aka buga sakamakon wani bincike a Ingila a kan maganin tarin fuka da ake kira sitireftomaisin, inda ba likita ne ya zaɓi wanda zai sami sabon maganin da wanda zai zauna a kan jinyar da aka saba ba, sai dai an bar wa ƙuri'a, cikin ambulan a rufe, bisa tsarin da wani masanin lissafi mai suna Austin Bradford Hill ya tsara. Dalili kuwa, likita mutum ne, zuciyarsa tana karkata, kuma ko bai yi nufi ba zai iya tura masu ɗan ƙarfi-ƙarfi wajen maganin da yake fatan ya ci nasara, ya bar waɗanda suka galabaita a ɗaya ɓangaren, daga ƙarshe ya yaudari kansa ya yaudari duniya. Wani lokaci ma har akan ɓoye wa likitan da majinyacin duka wane ne ke shan me, sai an gama a buɗe.

Wannan batu na ƙuri'a shi ne ya fi tayar wa mutanenmu da hankali idan aka yi musu bayani, domin uba zai ce, yaya za a yi rayuwar ɗana ta zama abin jefa ƙuri'a? Tambaya ce mai nauyi, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin ƙuri'a, kuma sun halatta ta a inda haƙƙoƙi suka yi daidai, babu abin da zai rinjayar da ɗaya a kan ɗaya, kamar yadda ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. To, ƙa'idar masu binciken magani ma kusan haka take: ba ya halatta a raba majinyata da ƙuri'a sai a inda likitoci, bilhaƙƙi, ba su san wace hanya ce ta fi ba. Ranar da hujja ta bayyana cewa ɗaya ta fi ɗaya, ranar ƙuri'a ta haramta, kuma wajibi ne a tsayar da gwajin a ba kowa abin da ya fi. Saboda haka ne kowane babban gwaji yake da wani kwamiti na daban, wanda ba ya ƙarƙashin masu binciken, mai ikon leƙa sakamako tun ana cikin aiki, ya ce a dakata. Ashe ke nan likitan da ya gayyace ka gwaji yana shaida maka ne cewa a wannan mas'ala iliminsa ya tsaya, kuma duk wanda ya gayyace ka yana rantse maka cewa sabon maganin ya fi, to ko dai bai fahimci aikinsa ba, ko kuwa yana ɓoye maka wani abu.

Me ya bambanta gwajin da jami'a ta ɗauki nauyinsa da wanda kamfani ya ɗauka? Kamfani ɗan kasuwa ne, kuma ba aibi ba ne ɗan kasuwa ya nemi riba, amma tambayar da zai kashe dukiyarsa a kanta ita ce wadda amsarta za ta sayar masa da haja. Akwai kuwa tambayoyi masu yawa waɗanda rayukan dubban mutane suka rataya a kansu, amma babu kwabo a cikin amsarsu, kuma waɗannan in jami'a ba ta yi su ba babu mai yi. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta rufe duniya, malaman Jami'ar Oksfod suka shirya wani gwaji a asibitocin gwamnatin Birtaniya, dubban majinyata suka shiga, kuma kafin watan Yuni ya ƙare suka sanar cewa deksametazon, wani tsohon magani mai araha da ke kusan kowane kantin magani, yana rage mutuwar waɗanda aka sa wa na'urar numfashi da kimanin kashi ɗaya bisa uku. Wannan gwajin dai shi ne ya nuna cewa ɗan'uwan kulorokwin ɗin nan da aka yi ta rububinsa, har ya yi tsada a kasuwanninmu, ba ya hana majinyatan asibiti mutuwa. Sanin cewa abu ba ya aiki shi ma ilmi ne mai ceton rai da dukiya, ko da yake ba a cika buga masa tambari ba.

Amma ba sai mun je Ingila ba. Cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu ita, domin ana ƙiyasta cewa jarirai wajen 150,000 ake haifa da ita kowace shekara a ƙasar. Daga cikin mafi munin abin da take jawo wa yara akwai shanyewar ɓarin jiki, yaro yana wasa da safe, kafin la'asar hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace. Likitoci suna da wata na'ura da ake ɗorawa a gefen kai, babu yanka babu allura, tana auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ta nuna yaron da ke cikin haɗari tun abin bai faru ba. A Amurka, idan aka gano irin wannan yaro, sai a riƙa yi masa ƙarin jini kowane wata, kuma an tabbatar wannan yana kare shi. To amma ku da kuke saurarona kun san abin da ake sha kafin a sami leda ɗaya ta jini a asibitocinmu, balle a ce kowane wata, shekara da shekaru, ga tsada, ga nisan tafiya, ga tsoron cututtukan da ke bin jini. Tambayar da ta dame mu ita ce ko wani tsohon magani na sha da ake kira haidiroksiyuriya zai iya tsayawa a madadin ƙarin jinin, kuma in zai iya, nawa ne gwargwadon da ya isa.

Likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Asibitin Murtala, da na Asibitin Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, su suka ɗauki wannan tambaya. Yara 220 iyayensu suka yarda aka shigar, aka raba su da ƙuri'a, kashi ɗaya suna shan ƙaramin awo, ɗaya kashin suna shan ninkinsa, babu yaron da aka bari hannu wofi. Da aka buga sakamakon a 2022, sai ya nuna yara 3 cikin 109 ne suka sami shanyewar jiki a ɓangaren ƙaramin awo, 5 cikin 111 a ɗaya ɓangaren, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, kuma duka biyun ƙasa suke ƙwarai da abin da aka sani yana faruwa ga irin waɗannan yara in an bar su babu magani. Ma'anar wannan ga uban da ke da 'ya'ya biyu masu sikila kuma abin hannunsa bai taka kara ya karya ba, ita ce ƙaramin awon ma, mai sauƙin kuɗi, yana kare ɗansa. Wannan ilmi ba a Landan aka samo shi aka aiko mana ba; iyaye mata na Kano da Kaduna ne suka saye shi da zirga-zirgarsu zuwa asibiti wata bayan wata, da haƙurin ganin ana ɗibar jinin 'ya'yansu, kuma yanzu likitocin wasu ƙasashen Afirka suna amfana da shi. Ina ganin waɗannan mata sun cancanci a ambace su a duk inda ake ambaton farfesoshin da suka rubuta sakamakon.

Haka kuma zubar jini bayan haihuwa, wadda ita ce kan gaba wajen kashe mata a gadon haihuwa. Jami'ar Bamingam ta Ingila, tare da wasu jami'o'in Afirka, ciki har da Jami'ar Bayero inda Farfesa Hadiza Galadanci ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, sun gudanar da gwaji a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda ya shafi haihuwa sama da 200,000. Babu wani sabon magani a cikinsa. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego domin ungozoma ta ga ainihin jinin da ya zuba maimakon ta ƙiyasta da ido, kuma da zarar ya kai haddi sai a haɗa mata dukan matakan ceto a lokaci ɗaya, ba a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jira ba. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna munanan abubuwan da ke biyo bayan zubar jinin sun ragu da kashi 60 cikin 100. A Jamhuriyar Nijar ma, a jihar Doso, Jami'ar Kalifoniya ta San Faransisko ta jagoranci wani gwaji na ba ƙananan yara maganin azitiromaisin sau biyu a shekara, aka ga mutuwarsu ta ragu da wajen kashi 18 cikin 100, ko da yake masu binciken da kansu sun yi gargaɗi cewa yawan ba da maganin yana sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. Riga-kafin zazzaɓin cizon sauro kuwa da aka fara yi wa yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, a Oksfod aka ƙirƙiro shi, amma yara 450 na Nanoro a Burkina Faso, sa'an nan wasu 4,800 a ƙasashen Afirka huɗu, su ne suka miƙa damtsensu kafin ya iso ga namu.

Duk da haka, jama'a, wanda ya ce tsoron mutanenmu jahilci ne kawai, bai yi musu adalci ba, domin tsoron yana da tarihi, kuma tarihin a Kano aka rubuta shi. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe mutane sama da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana da ke Kano ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan, inda aka shigar da yara wajen 200, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon, 6 a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Iyaye da dama kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun kai 'ya'yansu asibiti ne neman magani. Daga baya ya bayyana cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a da aka nuna, bayan an gama aikin aka rubuta ta, aka sa mata kwanan watan baya. An yi shekaru ana shari'a a gida da waje, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Ba ni ne alƙali a kan wane magani ya kashe wane yaro ba, amma abin da babu jayayya a kansa shi ne abin da ya biyo baya: lokacin da aka dakatar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003, labarin Asibitin Zana yana cikin hujjojin da ke bakin mutane, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita, kuma yaran da suka gurgunce a wannan tsakani ba su san kome ba game da abin da ya faru a 1996.

Kada kuma wani ya zaci cewa sunan jami'a garkuwa ne daga irin wannan. A jihar Alabama ta Amurka, hukumar lafiya ta gwamnati, da haɗin kan kwalejin Taskigi, ta riƙe baƙaƙen fata 600 cikin wani bincike tun daga 1932 har 1972, 399 daga cikinsu suna ɗauke da ciwon tunjere, ba a gaya musu sunan cutarsu ba, kuma ko bayan da fenisilin ya zama sanannen maganinta aka ƙi ba su, don kawai a ga yadda take cin jiki. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara a madadin ƙasar. A 1999 kuma wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Jesse Gelsinger ya rasu kwana huɗu bayan an yi masa wata allura ta gwaji a Jami'ar Fensilbeniya, bincike ya nuna ba a bayyana masa wasu illolin da aka riga aka gani ba, kuma jagoran aikin yana da hannun jari a kamfanin da zai ci ribar nasarar. Malamin jami'a ma yana da abin da yake kwaɗayi, in ba kuɗi ba to suna da ƙarin girma da tallafin bincike na gaba, kuma wanda aka ce sai ya tara mutum 300 kafin ƙarshen shekara, yana iya gajarta bayani don kada na gabansa ya tsorata ya tafi.

Daga irin waɗannan musibu ne aka tsamo ƙa'idojin da ake bi a yau, tun daga ƙa'idar Nurembag ta 1947 wadda ta biyo bayan shari'ar likitocin Jamus, zuwa sanarwar Helsinki ta 1964. A Nijeriya akwai kwamitin ƙasa mai lura da ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, akwai hukumar NAFDAC wadda dole a nemi izininta kafin a gwada magani, kuma kowane asibitin koyarwa yana da nasa kwamitin. Jigon dukansu abu ɗaya ne, wato yardar mutum bayan ya fahimta. Wannan kuwa ba baƙon abu ba ne ga wanda ya karanta babin ciniki a littattafan fiƙihu, inda aka shar'anta yardar juna, aka hana cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, aka kuma ce ƙullin wanda aka tilasta ba ya lizimtarsa. In har sayar da buhun gero ba ya inganta sai mai saye ya san abin da ke cikin buhun, yaya ƙullin da ya shafi jinin mutum da ransa zai inganta da takarda mai shafi goma cikin Ingilishi, wadda aka karanta masa kanunta a tsaye a baranda, ɗansa yana kwance yana suma?

A nan ne nake ganin masu bincikenmu suke da sauran aiki, kuma ina faɗa musu ne da girmamawa, domin na san da yawansu masu tsoron Allah ne. Tilas ba sai da bulala ba. Matar da ba ta da kuɗin awon jini, aka ce mata in ta shiga bincike za a yi mata awo kyauta, a ba ta magani kyauta, a ba ta kuɗin mota, wannan mata ba ta tsaya a matsayin da za ta iya cewa a'a da sauƙi ba, kuma wanda ya yi mata tayin ya san haka. Ba ina cewa a hana ta kuɗin motar ba, haƙƙinta ne, tun da lokacinta da sana'arta ta bari ta zo. Abin da nake cewa shi ne, gwargwadon raunin wanda ke gabanka, gwargwadon nauyin bayanin da ke kanka. A zaunar da ita, a yi mata magana da harshen da take mafarki da shi, ta bakin mace 'yar'uwarta in hakan ya fi mata sauƙi, a gaya mata a fili cewa wannan gwaji ne, ba a san sakamakonsa ba, ƙuri'a ce za ta zaɓa mata ɓangare, ga illolin da aka gani, ga inda za a kai jinin da aka ɗiba da abin da za a yi da shi da ranar da za a zubar da ragowarsa. A bar ta ta koma gida ta yi shawara da maigidanta da iyayenta, domin haka al'adarmu take kuma babu laifi a ciki, amma a sani cewa izinin miji ko na mai unguwa ko na hakimi ƙofa ce ta shiga gida, ba ya zama madadin yardar ita mai jikin. Uba kuma da zai sa hannu a madadin ɗansa ya tuna shi waliyyi ne, kuma waliyyi ba ya tasarrufi a kan wanda ke ƙarƙashinsa sai da abin da yake maslaha ga yaron, ba don abin da zai shigo aljihu ba.

Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa, in an yi muku wannan tayi, tambaya ba rashin kunya ba ce, kuma likitan kirki murna yake yi da ita. Ku tambaya wane ne ya ɗauki nauyin binciken, wane kwamiti ne ya ba da izini, kuma ina ofishinsa yake in kuna da ƙorafi. Ku tambaya in wata illa ta auku wa zai biya kuɗin jinya. Ku nemi a ba ku kwafin takardar ku tafi da ita, wani mai karatu da kuka amince da shi ya karanta muku a natse. Mafi muhimmanci, ku sani cewa in kun ƙi shiga, haƙƙinku na jinya a wannan asibiti bai ragu da ƙwayar zarra ba, in kuma kun shiga, kuna da ikon fita ko wace rana ba tare da kun ba da dalili ba, kuma duk ma'aikacin da ya nuna muku saɓanin haka ya saɓa wa dokar aikinsa.

Saura abu ɗaya da ake yawan mantawa, shi ne abin da ke faruwa bayan an naɗe tabarma. Sau da yawa akan gama bincike, a buga sakamako a wata mujalla ta ƙasar waje, a yi taro a babban otal, masu binciken su sami ƙarin girma, amma tsohon da ya yi shekara biyu yana kawo jikansa ba wanda ya koma ya ce masa ga abin da muka gano. Sanarwar Helsinki da kanta ta nemi a tanadi yadda waɗanda suka shiga za su ci gaba da samun maganin da aka tabbatar da amfaninsa, kuma a sanar da su sakamako. Ina kira ga shugabannin asibitocin koyarwa da kwamitocinsu da kada su sa hannu a kan wani bincike sai an rubuta a cikinsa ranar da za a tara mahalarta a gaya musu sakamako da harshensu, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, da kuma wanda zai ɗauki nauyin maganinsu bayan an rufe. Ina kuma kira ga gwamnatocin jihohinmu, tun da an riga an tabbatar a Kano da Kaduna cewa awon jijiyoyin kai da ƙwayar haidiroksiyuriya suna kare yaro mai sikila daga shanyewar jiki, kuma an tabbatar leda mai ma'auni, haɗe da matakan ceto a lokaci ɗaya, tana ceton mai jego, su sa kuɗin waɗannan abubuwa a cikin kasafin kowace shekara, su kai su har asibitocin ƙananan hukumomi, inda mafi yawan masu bukatarsu suke.